Rawar Tayar Baya

Rabi, Nasiru, Sadiya, wannan babin naku ne, ku karanta shi a zaune. Na san abin da kuke faɗa in kun haɗu, don maganar takan zagayo ta same ni ta bakin matan unguwa. Kuna cewa Baba zuciya gare shi, shi ya sa Inna ta koma wurin danginta a ƙasar Binin ta ƙi dawowa. Zuciya kam ina da ita, duk Bagudo an san ni da ita, ban taɓa musu ba. Amma ban kori uwarku ba, ban sake ta ba, ban taɓa ɗaga mata hannu ba, har gobe matata ce da igiyoyinta cif. Abin da ya raba mu zaman gida ɗaya ƙaramin abu ne da za ku iya rufewa a tafin hannu: boris ɗin tayar babur. Nasiru, na san ka yi murmushi. Haɗiye shi, ka ji yadda aka yi.

Sai na fara da Kawunku Seidu, don ba domin shi ba da ban san uwarku ba. Tun muna samari muke kabu-kabu tare, muna jigilar kaya tsakanin Bagudo da kasuwannin bakin iyaka, Illo da kewayenta, wani lokaci har Dole Kaina in an sami lodi mai tsoka. Shi daga cikin Dandawan tsallaken iyaka yake, ƙauyensu na bakin Kwara cikin Binin, ƙasar da tsofaffinmu har yau suke ce wa Faransa. A hanyoyinmu na rairayi da kwazazzabai mai hankali ba ya tafiya shi kaɗai da kaya. Biyu-biyu ake tafiya, kuma ba don tsoron 'yan fashi kawai ba. Mai babur yana ganin tayarsa ta gaba, yana jin ta a hannu, amma ta baya ba ya ganinta, ga buhuna sun danne ta, ga ƙarar inji ta cika masa kunne. Shi boris zobba biyu ne na ƙarfe, ƙarami cikin babba, da 'yan ƙwayoyin ƙarfe a tsakaninsu suna iyo cikin giris. Biyu ne a kowace taya, ɗaya dama ɗaya hagu, a cikin gangar tsakiya da muke ce wa hob, kuma a kansu taya take juyawa. Idan suka fara ci, sai tayar ta soma 'yar rawa, wanda ke bisa ba zai sani ba sai ta watsar da shi. Na bayanka ne yake gani. Saboda haka aikin wanda ke baya shi ne ya kafa ido a tayar na gaba. Ni nake gaba kullum saboda gaggawata, Seidu yana baya saboda sanyin halinsa.

Sau nawa ina cikin zuba gudu sai in ji hon ɗinsa a bayana, ya matso yana ɗaga hannu.

"Manu, tsaya! Amaryarka ta hwara rawa tun ba a kaɗa ganga ba."

"Kai dai ba ka son a isa kasuwa da wuri."

"Ni da haƙorana nike son in isa, kai ma haka nike so maka."

Sai mu rakuɓe gindin wata bishiya ina ƙunƙuni, yana dariya. Shi ya tilasta mini ajiye sabon boris guda biyu a tsumma a ƙarƙashin kujera, ko da yaushe. In na yi amfani da su, ba zai bar ni in sha ruwa a kasuwa ba sai na sayi madadinsu. Mutum ne mai naci, Allah Ya jiƙan sa, nacinsa ya fi na kazar da ta ga tsaba.

Uwarku Hamsatu ƙanwarsa ce, amma ƙanwa a suna kawai. Iyayensu sun rasu tana 'yar mitsitsiya, shi ya goya ta, shi ya yi mata tsarki, shi ya koya mata sallah. Bere take ce masa, wato Yaya da Dandanci, kuma in ta faɗi sunan har muryarta takan canza. Ranar da ya ba ni ita, ya ja ni bayan rumbu inda babu kowa, ya riƙe mini hannu.

"Ga ta nan, Manu. Ba ni da kowa duniya sai ita. Ka ɗauke ta yadda kake ɗaukar kwandon ƙwai, ba yadda kake ɗaukar buhun shinkahwa ba."

Na ce na ji, na kuma ɗauka. Kun tashi kun ga gidan da idonku, ba sai na ba ku labari ba. Gida ne mai surutu. Tun asuba sai ka ji tana faɗa da awaki da Dandanci, don ta ce ba sa jin Hausa. In ta fusata da ni sai ta fara da Hausa, in abin ya kai mata wuya ta zarce yarensu, ni kuwa in ce ta maimaita a hankali don in rama, sai dariya ta ƙwace mata faɗan ya watse. Rediyo na yi, turmi na yi, Rabi na kuka an taɓa mata kitso, Nasiru ya ɓata takalmi. Na sha fita waje in zauna a kan babur don in sami shiru. Wallahi da na san yawan shirun da ke jirana a gaba, da ban fita ba.

Shekarar da aka rufe iyaka, ita ce shekarar da Seidu ya kwanta. Ciwon ciki ne ya fara masa tun bazara, ƙafafu suka kumbura, ya jingine babur ɗinsa a zaure. Lokacin Rabi tana ɗakin mijinta, Nasiru yana karatu a Birnin Kebbi, Sadiya ce kaɗai a gabanmu. Na yi daminar nan kaf ina tafiya ni kaɗai. Abokan sana'a sun watse, wasu sun koma gona, wasu sun koma bin dare da kayan da ba na so in taɓa. Babbar hanya ta mutu, sai hanyoyin daji, kuma kowace rana sai na tsoma tayoyi cikin rafi. Ruwa yana wanke giris, yashi yana shiga ya maye gurbinsa. Na kan kafe babur in girgiza taya lokaci-lokaci, ban ji komai ba, don boris munafuki ne, yakan yi lafiya lau a gida ya bari sai an yi masa nauyi a hanya. Shekara da shekaru idon Seidu ne yake tona masa asiri, ga shi idon yana kwance a ɗaki.

Wata safiya da kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa, wayar uwarku ta yi ƙara tana cikin dama koko. Mariyama ce, matar Seidu. Ban ji abin da aka ce ba, sai na ga ludayi ya faɗi cikin ƙwarya. Ta juyo ta dube ni.

"Malam, Bere ya hwara kiran sunana. Sun ce tun jiya ba ya kiran kowa sai ni."

Ban tsaya tambaya ba. Muka kai Sadiya gidan maƙwabta, uwarku ta ƙulle 'yan tufafi a ɗankwali, na tayar da babur. Muka haye Kwara ta gada, muka miƙe hanyar Illo, kafin mu kai inda masu kaki suka datse hanya na saki kwalta na faɗa daji. Tana bayana ta riƙe rigata tana ta salati ƙasa-ƙasa. Gudu nake yi na gaske. Rana ta ɗaga sosai, mun ci fiye da rabin tafiya, sai muka cimma wani mai babur da buhunan shinkafa har sun fi kansa tsawo. Na yi masa hon na wuce. Ban yi nisa ba na ji shi yana ta danna nasa hon ɗin, yana ihu.

"Baba! Baba mai jar hula! Tayarka ta baya rawa takai! Aradu rawa takai sosai!"

Na taka birki. Na tsaya, na ce uwarku ta sauka, na kafe babur a babban jak, na kama tayar da hannu biyu na girgiza ta gefe da gefe. Ƙwas-ƙwas. Ba 'yar rawa ba ce, tayar lilo take yi. Na juya ta, na ji tana gurza kamar ana niƙa tsakuwa. Na taɓa hob ɗin, na janye hannu ba shiri don zafi.

"Mi yaf faru?" in ji uwarku.

"Boris ya tahi. Sai na canza shi."

"Yanzu? Malam, yanzu?"

"Akwai sabo ƙarƙashin kujera. Kahin ki yi alwala ki gama na gama."

"Babur ɗin ba ya tahiya? Ai yana tahiya! Mu hau haka nan, in mun isa ka canza har injin in ka so."

Ku saurara da kyau a nan, don nan ne duk maganar take. Da ni kaɗai ne, da na hau. Wallahi da na hau, na sha yin gangancin da ya fi wannan. Amma na san abin da ke gabanmu. Daga nan hanyar takan hau kan wata doguwar jinga da manoman shinkafa suka tada a tsakiyar fadama, faɗinta bai wuce na tabarma ba, ruwa dama ruwa hagu, ga shi shekarar Kwara ta cika ta batse. In boris ya tarwatse a kan jingar nan, taya za ta cije, kuma wanda ke baya shi ake fara jefawa. Uwarku ba ta iya ruwa ba duk da a bakin kogi aka haife ta, Seidu bai taɓa barinta ta shiga ba. Na dubi tayar, na dube ta, na ce ba zan hau da ita ba. Na roƙi mai shinkafar ya sauke buhunansa ya kai ta, in zauna in tsare masa. Ya ce kayan ba nasa ba ne, in masu sintiri suka zo suka kwashe, gidansa za a sayar. Ya ba mu haƙuri ya wuce, ban kuma ga laifinsa ba.

Na fito da sifana. Na kwance noti, na saki sandar birki, na zame sarƙa, na zare dogon ƙarfen da ya ratsa tsakiyar tayar, na kwantar da ita a ƙasa. Aikin da na yi shi sau ba adadi. Tsakanin boris biyun akwai wani ɗan bututun ƙarfe, sai ka ture shi gefe, ka zura dogon ƙarfe ta ɗaya ɓangaren ka dinga bugun boris ɗin ta ciki, nan kaɗan can kaɗan, har ya faɗo. Na ɓangaren sarƙa ya fita salin-alin. Na juya tayar, na kai wa na ɓangaren birki bugu ɗaya, sai kawai ya zube. Ƙaramin zoben ya faɗo shi kaɗai, ƙwayoyin suka biyo shi, ba ma ƙwayoyi ba ne, gutsattsari ne da baƙin gari. Babban zoben kuwa ya tsaya a cikin hob ɗin, zafi da tsatsa sun manne shi, ba shi da wani baki da ƙarfe zai kama ta baya. Na buga, ƙarfen ya zame. Na sake, ya zame ya ɗauke mini fatar yatsa. Na ce innalillahi. Duk mai babur ya san wannan masifar, kuma ya san ba a gyara ta da sifana a gindin bishiya.

Na tattara gutsattsarin a tafin hannu na nuna mata, don ta ga da idonta abin da muke tafiya a kai. Ta duba, ta kawar da kai.

Akwai wani ɗan ƙauye a gefe, ana hango rumbunansa. Na saɓa tayar a ka, na ce ta zauna inuwa ta jira ni. Na ishe maƙerar garin a rufe, aka ce maƙerin yana fadama wurin yanka. Na ajiye taya na bi shi har gona da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina saurayi. Dattijo ne mai nauyin kunne, sai da na yi ta ɗaga murya kafin ya gane, amma da ya gane bai ja ba, ya yar da lauje ya biyo ni. Aka hura wuta daga farko, gawayin ma da ɗan sanyi. Ni nake zuga, shi yana ƙera wani siririn ƙarfe mai ɗan lanƙwasa a baki da zai iya cizon gefen zoben. Ina zuga ina jin kiran azahar daga masallacin garin, kowace kalma tana sauka mini a ƙirji. Na farko da ya ƙera ya karye. Ya sake wani. Ya sa matarsa ta tafasa ruwa a tukunya, muka dinga kwarara wa hob ɗin don dalmar da aka yi shi da ita ta ɗan buɗe, muna kaffa-kaffa kar wuta ta taɓa robar. Ya kafa ƙarfen, na buga. Ya matsa, na buga. Can sai muka ji ɗan motsi, zoben ya yi gaba kamar faɗin farce. Tsohon ya ce, "Madalla, ya sallama." Muka bi shi a hankali har ya faɗo ƙasa yana ƙara.

Ban yi wa sabon boris ɗin gaggawa ba, don in ka sa shi a karkace ka kashe shi tun bai yi aiki ba. Na goge mazauninsa da tsumma da ɗan fetur, na shafa giris, na daidaita shi, na ɗora tsohon zoben a kansa ina bugawa kewaye da kewaye har ƙarar ta canza, alamar ya zauna. Na mayar da ɗan bututun, na sa na biyun. Na yi wa tsohon godiya a tsaye, ya ce in je kawai. Na ɗauko tayar a ka na dawo gindin bishiya.

Babur yana nan a kan jak. Uwarku ba ta nan. Sai sawun takalmanta a rairayi sun miƙe yamma.

Na ɗaura tayar, na ja sarƙa, na ɗaure noti, na girgiza ta, ta tsaya ƙyam. Na bi sawun. Sai da na kusa ƙarshen jingar nan na hango ta, ita kaɗai a tsakiyar ruwa da shinkafa, ƙullin kaya a ka, takalma a hannu, tana tafiya tana ɗingishi. Mace mai jika, a rana tsaka, ta yi tafiyar da ko saurayi sai ya ji a jikinsa. Na tsaya kusa da ita. Ba ta dube ni ba, ta hau. Ba ta riƙe rigata ba, ƙarfen baya ta riƙe. Babur ɗin kuwa ya tafi sumul, bai taɓa yi mini daɗin tuƙi kamar ranar ba, har haushinsa na ji.

Mun shiga garin su Seidu la'asar ta yi sanyi. Tun daga bakin gari muka gamu da maza suna dawowa a jere, da fatanya a kafaɗa da ƙasa a ƙafafu, biyu daga ciki suna ɗauke da makara ba kowa a ciki. Ban kashe injin ba ta diro. Ƙarar da ta yi, ban taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba, kuma ba na fatan ku ji. Daga baya Mariyama ta gaya mini, ba da mugun nufi ba, cewa har aka yi kiran azahar yana da rai, yana tambaya ko an ji ƙarar babur. Bayan an idar da sallah ya cika. Sun jira mu, sun kira waya ba ta shiga, rana tana yi, liman ya ce a kai shi. Da tayar ta riƙe, da mun same shi da sauran magana a bakinsa. Da ta riƙe ɗin. Ni na san ba za ta riƙe ba, na ga abin da ya zubo a hannuna.

Ni ma fa na yi rashi, wannan ne ba wanda ya tuna. Kowa yana yi wa uwarku gaisuwa, ni ana ce mini sannu da hanya. Abokin tafiyata ne tun ba mu da gemu. Na je kabarinsa ni kaɗai washegari, na tsuguna, na ce masa, "Seidu, na kawo ta lahiya lau, ko ƙwarzane babu." Na yi kuka a wurin har na gode Allah.

Bayan addu'ar bakwai na ce mu tafi gida, ta ce sai an yi arba'in. Ranar arba'in na dawo, ta ce Mariyama ba ta da lafiya, ga yara ƙanana, in bari a gama sussuka. Aka gama sussuka, ta ce sai bayan azumi. Bayan azumi ta aiko a kai mata Sadiya don ta taya ta aiki, na kai ta da kaina. Ba faɗa, ba zagi, ba ta taɓa cewa in sake ta ba. Duk sanda na je sai ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta dafa mini miyar kifin da ta san ina so, ta tambayi awakinta ɗaya bayan ɗaya. In na ce, "To, Hamsatu?" sai ta ce, "Je ka, Malam, ina nan tahe." Na je na yi fushi, na yi wata da watanni ban leƙa ba, na ce bari in ga ko za ta neme ni. Ta aiko mini da busasshen kifi da gaisuwa. Na tura manya, suka dawo suka ce ba ta ce na yi mata komai ba, to me za su sasanta?

Gidan nan kuwa ya zama abin da kuka gani in kun zo sallah. Na sayar da awakin don ba mai yi musu faɗa, sun daina jin magana. Turmi yana kife a inda ta bar shi. Nakan kunna rediyo ba don in ji labari ba, don dai a ce wani na magana a tsakar gida. Na koyi dafa shinkafa da wake, na iya dama koko mai gudaji. Mutane suka dame ni in ƙara aure, har da kai Nasiru ka aiko abokinka ya yi mini zancen a fakaice, kana tsammanin ban gane ba. Na ce ina da mata. Kewa dai na ji ta, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ji ta a lokacin cin abinci fiye da kowane lokaci, ka ɗauki loma ka rasa wanda za ka ce wa gishiri ya yi yawa.

Aka buɗe iyaka, aka yi damina bayan damina, ina zuwa ina dawowa. Bara idona ya fara hazo, likita ya ce in rabu da babur in ina son in mutu a kan gado. Kafin in miƙa wa Nasiru makulli na ce sai na yi tafiya ɗaya ta ƙarshe. Na je a hankali kamar mai koyo. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, ta yi furfura, ni ma haka. Bayan na ci abinci na gaya mata abin da likita ya ce. Na ce daga yau ba ni da ƙafar zuwa, in za ta zo, yau ne. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Sai na yi tambayar da na shekara da shekaru ina tsoron yi.

"Hamsatu, don Allah ki hwaɗa mini gaskiya. Laihina kike gani?"

Ta ajiye faifan.

"A'a, Malam."

"Kina ganin da mun hau da mun isa?"

"Ba mu isa. Na ga abin da kan nuna mini ga hannunka, kuma na bi jingar nan da ƙahwata, na ga ruwan. Da ka biye mini, da rami biyu anka gina ranar, ko ukku. Tun ina bisa jingar na san haka."

"To mi ya hana ki dawo ɗakinki?"

Ta dubi ƙasa. Da ta ɗago, idonta a bushe yake, muryarta kuma ba faɗa a ciki ko kaɗan.

"Na gwada, Allah Ya sani. Sau nawa ina ƙulle kaya. Sai in tuna Bere yana kirana ni kuwa ina zaune gindin itace, sai wani abu ya tokare mini nan, in rasa wanda zan kama. Da laihi kay yi mini, Malam, da tuni na yahe maka na koma ɗakina. To ba ka yi ba. Mi zan yahe?"

Ta tashi ta ƙulle mini kifi a leda, ta ce in gaishe da mutanen Bagudo. Na hau na dawo.

Wannan shi ne abin da ya faru, ban ƙara ban rage ba. Kada wanda ya sake cewa na kore ta, kuma kada in ji wani ya ga baƙinta, don uwarku ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, har a wannan. Tambayarta dai tana nan tare da ni, ina juya ta safe da yamma, ban samo mata amsa ba. Ku kun yi karatu. In wani cikinku ya samo, ya zo ya gaya mini da bakinsa, kada ya bugo waya. Ina gida, ba na zuwa ko'ina.